Itatuwan Mopa da Takarda Ba Ta Ƙirga Ba

A arewacin jihar Goa ta ƙasar Indiya akwai wani tudu mai faɗi da ake kira Mopa. Wanda ya je can da rani, marmara zai tarar ja wur da busasshiyar ciyawa, ya ɗauka fako ne. Amma da damina ta kankama sai marmarar nan ta yi ta shan ruwa tana adanawa, daga baya ta riƙa sakin sa kaɗan-kaɗan ta idanun ruwa da ke gindin tudun. Da shi ƙauyukan wurin ke sha, da shi gonaki da lambunan kashu ke rayuwa, a saman tudun kuma makiyayan Dhangar ke kiwo. Nan gwamnatin Goa ta zaɓa don gina sabon filin jirgin sama, kuma tana da hujjarta: tsohon filin Dabolim yana cikin sansanin sojan ruwa ne, ga 'yan yawon buɗe ido suna ta ƙaruwa.

Dokar Indiya ta 2006 kan tantance illar manyan ayyuka ga muhalli ta shimfiɗa matakai. Mai aiki zai fara cike wani fom, ya bayyana abin da ke kewaye da wurin: dazuzzuka, fadamu, koguna, mazaunin namun daji. A kan abin da ya rubuta ne kwamitin ƙwararru ke tsara irin binciken da za a yi, sai a saurari jama'a, sannan a ba da izini ko a hana. A watan Oktoban 2015 aka ba Mopa izini.

Wani mutumin yankin, Hanuman Laxman Aroskar, tare da ƙungiyar Federation of Rainbow Warriors, suka kai ƙara kotun musamman ta muhalli wadda Indiya ta kafa a 2010. A 2018 kotun ta bar izinin yadda yake, ta dai ƙara sharuɗɗa. Ba su haƙura ba, suka ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙoli.

Abin da ya fito fili a can shi ne ya sa shari'ar ta shahara. Fom ɗin farko ya tambayi abin da ke cikin kilomita 15 daga wurin, amma ba a bayyana dazuzzukan da ke kewaye ba, duk da cewa tudun yana maƙwabtaka da duwatsun Western Ghats, waɗanda duniya ta san su da yalwar tsirrai da dabbobi. Rahoton binciken kuwa cewa ya yi itatuwan wurin 'yan ƙalilan ne, galibi ƙananan tsirrai. Da aka zo sara, itace 54,676 aka ƙirga.

Ranar 29 ga Maris, 2019, Mai Shari'a D. Y. Chandrachud, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan ƙasar, da abokin zamansa Hemant Gupta suka dakatar da izinin. Ba su ce kada a gina filin jirgi ba. Matsayarsu ita ce idan aka ɓoye gaskiya a matakin farko, duk abin da aka ɗora a kai ya gurɓata, domin ƙwararre ba zai binciki abin da ba a gaya masa yana nan ba, talakan da aka kira taron jin ra'ayi kuma ba zai san abin da zai yi magana a kai ba. Sun kuma ga laifin kwamitin ƙwararrun da bai nuna ya yi nazarin koken jama'a da idon basira ba. A ganina nan ne ƙarfin hukuncin yake: ya mayar da cike fom, wanda ma'aikata da yawa ke ɗauka al'ada ce kawai, ya zama amana da kotu za ta iya tuhumar mutum a kanta. Mu ma a Nijeriya muna da irin wannan doka tun 1992, ga jihohi suna ta gina filayen jirgi, don haka batun bai yi mana nisa ba.

Sai dai abin da ke ci mini rai shi ne lokaci. Kafin hukuncin ya fito an riga an gama sare itatuwan. Masu ƙara sun yi shekaru suna zarya tsakanin kotuna, injin sara kuwa watanni kaɗan suka ishe shi. Da kwamitin ƙwararrun ya sake zama kan izinin bayan dakatarwar, alƙalai ba daji suke dubawa ba, fili ne da aka share, an kuma zuba kuɗi masu yawa a cikinsa. A irin wannan hali, mene ne ya rage wa alƙali ban da ƙara sharuɗɗa?

Hakan kuwa aka yi. A Janairun 2020 Kotun Ƙoli ta ɗage dakatarwar, ta ɗora wa cibiyar binciken muhalli ta NEERI sa ido kan cika sharuɗɗan, ciki har da dasa itace goma a madadin kowane ɗaya da aka sare. Kamfanin GMR mai ginin filin ya ci gaba da aiki, Firaminista Narendra Modi ya buɗe filin a Disambar 2022 da sunan Manohar, jirage suka fara sauka a Janairun 2023. Inda kwalta da kankare suka rufe marmara, ruwan damina yanzu magudana yake bi.