Yadda ɗaurin fulogi ke cinye tiredin inji, aikin minti goma ya koma na kwanaki

Mota na cikin tafiya sai a ji wani "fau!" daga gaba, inji ya ɗauki ƙara kamar an cire masa salansa, ƙarfi ya ragu, warin fetur ya cika ciki. Idan aka buɗe bonet, sau da yawa fulogi za a tarar ya yi tsalle daga raminsa, wani lokacin har ya fasa koyil ɗin da ke kansa. Abin da ya sake shi kuwa shi ne tiredi, wato zaren da aka yanka a cikin ramin, wanda fulogi ke bi idan ana murɗa shi.

Matsalar daga ƙarfen take farawa. Jikin fulogi ƙarfe ne mai tauri, amma kan injin yawancin motocin yanzu, wanda makanikai ke kira tof silinda, da alminiyam ake yin sa, shi kuwa yana da laushi. Duk sanda aka yi ja-in-ja tsakaninsu, alminiyam ne ke shan kashi.

Mafi yawan ɓarnar a gareji ake yin ta, ba a kan titi ba. Direba ya shigo da inji da zafi, yana sauri, sai a miƙa wa yaron gareji sifana. Zafi yana ƙara wa alminiyam laushi, don haka fulogin yana iya fitowa da guntun zaren a jikinsa. Wajen mayarwa kuma, idan aka kafa fulogi a karkace aka bi shi da sifana tun daga farko, zai yanka wa kansa sabuwar hanya ya lalata ta asali. Da hannu ake fara murɗa shi, ba da sifana ba. Idan ya cije kafin ya yi nisa, a warware a sake saitawa. Ga kuma ƙura, musamman lokacin hunturu, da ke taruwa a bakin ramin: in ba a hure ta ba kafin a cire fulogi, cikin tiredi da silinda za ta faɗa.

Sai batun ƙarfin ɗauri, inda ake yawan ganin cewa ɗaure tamau shi ne iya aiki. Kamfanin NGK, mai ƙera fulogi a Japan, ya ba da ma'aunin Nm 25 zuwa 30 ga fulogi mai kaurin milimita 14 mai wasa, a kan alminiyam. Inda babu sifana mai awo, sabon fulogi irin wannan ana murɗa shi da hannu har ya zauna, sannan a ƙara rabin zagaye zuwa biyu bisa uku. Kamfanin ya kuma hana shafa man hana cijewa a fuloginsa masu rufin ƙarfe, domin santsin yana sa a wuce ƙima ba a sani ba. Sakin ɗauri ma illa ne: fulogin zai riƙa girgiza har ya cinye zaren.

Ba kullum laifin bakanike ba ne. A Amurka, injin Triton mai lita 5.4 na kamfanin Ford, wanda aka fara sakawa a F-150 da Expedition na 1997, ya yi ƙaurin suna wajen tofar da fulogi, domin zaren da ke riƙe da shi kusan huɗu ne kacal. Samfurin da ya biyo baya a 2004 ya zo da wata sabuwa: fulogin ne ke karyewa biyu wajen cirewa, rabi ya maƙale a ciki.

Tsawon fulogi ma abin dubawa ne ga mai saye a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Wanda ya yi tsawo zai leƙa cikin silinda, baƙin hayaƙi ya daskare a bakinsa, ya kankare tiredi ranar fitowa, ko ma fistin ya buge shi.

Idan ɓarnar kaɗan ce, akan bi ramin da abin gyaran tiredi da aka shafa wa giris don ya kama ɓurɓushi. Idan zaren ya tafi gaba ɗaya, sai a faɗaɗa ramin a saka masa hannun riga na ƙarfe, irin su Helicoil ko Time-Sert. Ana iya yin aikin ba tare da an sauke tof silinda ba, amma ɓurɓushin alminiyam na iya faɗawa ciki, shi ya sa wasu makanikai ke gwammace a sauke shi, a sayi sabon gaskit, mota ta kwana biyu a gareji.