Jan Farce Mai Sheƙin Lu'ulu'u: Tantance Gaskiya da Jita-jita

Jan farce mai sheƙin lu'ulu'u, wato wanda idan ya bushe yake ba da wani haske mai taushi da ke sauyawa gwargwadon yadda aka karkata hannu, ya sha bamban da mai ƙyalƙyali wanda ake ganin ɓarɓashinsa ɗaya bayan ɗaya, haka kuma ya bambanta da launi zalla wanda ba shi da wani haske sai na santsin samansa. Yawancin maganganun da ake yaɗawa a kansa sun samo asali ne daga rashin sanin abu guda, wato cewa sheƙin ba rini ba ne, aikin waɗansu ƙananan falle ne masu faɗi da tsananin sirantaka, waɗanda ke shawagi cikin ruwan kwalbar, sa'annan su kwanta a kan farce idan ruwan ya bushe. Daga wannan ne ake gane abin da aka haɗa shi da shi, da kuma dalilin da ya sa shafa shi ya fi na sauran wuya.

Maganar cewa lu'ulu'u na ainihi ake niƙawa a zuba ba ta da tushe, domin hasken lu'ulu'u yana fitowa ne daga jerin siraran shimfiɗu da kawa ke ginawa ɗaya bisa ɗaya a cikin ƙoƙonta, kuma da zarar an niƙa shi jerin ya rushe, ba abin da zai rage sai farin gari mai kama da alli. Amma zancen cewa ana samo sheƙin daga ɓawon kifi, wanda mutane da yawa ke ɗauka ƙage ne, gaskiya ne. Tun a ƙarni na 17 wani mai sana'ar duwatsun carbi a birnin Faris, mai suna Jaquin, ya gano cewa ruwan da aka wanke ɓawon wani ƙaramin kifin kogi a cikinsa yana barin wani abu mai hasken azurfa, ya riƙa shafa shi a cikin duwatsun gilashi yana yin lu'ulu'un kwaikwayo. Sinadarin da ke ba da wannan haske shi ake kira guwanin, kuma har yau yana cikin launukan da aka amince a sa a kayan kwalliya, inda ake rubuta shi a jikin kwalba da lamba CI 75170. Sai dai amfani da shi ya ragu ƙwarai, saboda ana bukatar kifi mai ɗimbin yawa kafin a sami ɗan kaɗan, abin da ya sa yake da tsada.

A nan ne jita-jitar cewa daga kashin jemage ake samo guwanin ta kutso, kuma ƙarya ce. Abin da ya faru shi ne masana sun fara ware sinadarin ne a shekarun 1840 daga tarin kashin tsuntsayen teku da ake haƙowa don taki, suka raɗa masa suna daga sunan wannan taki, sa'annan daga baya masu yaɗa magana suka ga sunan a jikin kwalba suka yanke hukunci. Dokar kayan kwalliya ta Amurka ta fayyace cewa guwanin da za a sa a irin waɗannan kaya shi ne wanda aka samo daga ɓawon kifi.

Mafi yawan jan farcen lu'ulu'u na yau ba shi da alaƙa da kifi. Ana yin sa ne da maika, wani dutse da ke ɓarewa falle-falle kuma haske na ratsa shi, wanda ake niƙawa a tace, sa'annan a lulluɓe kowane falle da wata siririyar shimfiɗa ta farin sinadarin taitaniyom, dabarar da ta bunƙasa tun daga shekarun 1960. Idan haske ya sauka, wani kaso nasa yana dawowa daga saman shimfiɗar, wani kuma ya ratsa ya dawo daga ƙasanta, to a wurin haɗuwarsu sai waɗansu launuka su ƙarfafa, waɗansu su dushe, kamar yadda ake ganin launukan bakan gizo a kan ruwan da man fetur ya ɗiga a ciki. Kaurin shimfiɗar ne ke ƙayyade launin: mafi sirantaka tana ba da hasken azurfa, idan ta ƙaru sai na zinariya, sa'annan ja, shuɗi da kore. Lambar maika a jikin kwalba ita ce CI 77019, ta taitaniyom kuwa CI 77891, kuma akwai wani sinadarin bismut mai lamba CI 77163 wanda ke ba da sheƙi mai laushi irin na siliki.

Akwai wani zargi mai nauyi game da maika wanda bai kamata a jefa shi cikin jerin jita-jita ba, domin ya tabbata. A jihohin Jharkhand da Bihar na ƙasar Indiya, da kuma kudancin Madagaska, an sha samun yara ƙanana suna haƙar dutsen a ramuka marasa tsaro, kuma an rasa rayuka sakamakon ruftawar ƙasa. Wannan ne ya kai ga kafa ƙungiyar Responsible Mica Initiative a 2017, don bin diddigin inda dutsen ke fitowa. Akwai kuma maika ta haɗi da ake ƙerawa a masana'anta, wadda ta fi ta ƙasa tsabta da haske. Mai saye ba za ta iya ganin asalin dutsen da ido ba, amma hakkinta ne ta fifita kamfanin da ke bayyana inda yake samo kayansa a kan wanda ya yi shiru.

Ta fuskar lafiya, maganar da ta fi yawo ita ce farce yana numfashi, don haka jan farce yana shaƙe shi. Farce matacciyar ƙwaya ce ta sinadarin keratin, irin wanda ke cikin gashi, kuma tushen da ke tsirar da shi daga jini yake samun iska da abinci. Duk da haka shawarar a riƙa barin farce ya huta tana da amfani, ko da yake dalilin daban ne: asiton, wato ruwan da ake goge jan farce da shi, yana busar da farce da fatar gefensa, kuma barin fenti ya daɗe yana iya haifar da farin tabo mai kaushi a samansa. Rawayar da kan bayyana bayan an goge kuwa aikin rinin launuka masu duhu ne, musamman ja, kuma shimfiɗar ƙasa mara launi, wadda ake fara shafawa kafin fentin, tana rage ta. Batun sinadarai masu cutarwa ma yana da ƙamshin gaskiya, domin Tarayyar Turai ta haramta sinadarin dibutil fitalet a kayan kwalliya a 2004, kuma wani ƙaro da ake sawa don fenti ya kama yana jawo wa waɗansu ƙaiƙayi, sau da yawa a fatar ido da wuya inda yatsu ke taɓawa. Amma waɗannan duka suna cikin ruwan fentin ne, kowane iri, ba su keɓanta da sheƙin lu'ulu'u ba. Haka nan gaskiya ne asibitoci kan nemi a goge jan farce kafin tiyata, saboda na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa da haske take aiki, kuma likita na son ganin launin farcen kansa.

Ga mata Musulmi, tambayar alwala ta fi kowace muhimmanci. Jan farce yana bushewa ne ya zama ɓawo a kan farce, saɓanin lalle wanda ke rina shi ba tare da barin wani jiki da zai tare ruwa ba, kuma a kan haka ne malamai suka bambanta hukuncinsu. Iƙirarin da wasu ke yi cewa mai lu'ulu'u ya fi sirantaka don haka ruwa na ratsa shi ba shi da madogara, domin ruwan fentin iri ɗaya ne, falle kawai aka ƙara masa. Kamfanoni irin su Inglot da Orly sun fitar da nau'in da suka ce iska da tururin ruwa na ratsawa, sai dai ratsawar tururi a hankali ba daidai take da wanke gaɓa ba, musamman a mazhabar Malikiyya wadda ta wajabta cuɗawa, kuma kowace shimfiɗa da aka ƙara tana rage ratsawar. Tambarin halal a jikin kwalba bai isa ya maye gurbin fatawar malami ba.

Wajen zaɓe, cewa sheƙin lu'ulu'u bai dace da baƙar fata ba kuskure ne, domin launukan da ke fitowa ta hanyar haɗuwar haske sun fi bayyana a kan abu mai duhu, suna kuma dushewa a kan fari. Saboda haka ne fenti mai hasken zinariya, tagulla ko shuɗi yake fitowa sosai idan aka ɗora shi a kan launi mai duhu. Abin da ke gaskiya shi ne farin lu'ulu'u mai kauri yana iya yin kamar toka a kan fata mai duhu, kuma kowane irin sheƙi yana tona duk wani layi ko gargada da ke jikin farce, shi ya sa ake fara shafa shimfiɗar ƙasa mai cike ramuka.

Layukan buroshi da kan fito bayan shafawa su ne suka fi sa a zargi kwalba da zama jabu, alhali ko mafi tsada yana yin haka, domin falle suna kwanciya ne ta inda gashin buroshi ya ja su, kuma duk inda aka sake bi bayan fentin ya fara kamawa sai jerinsu ya hargitse. Maganinsa shi ne a shafa da siriri, a ja buroshi sau ɗaya a tsakiya daga tushe zuwa baki, sau ɗaya a kowane gefe, ba tare da dannawa ko komawa baya ba, a jira ya kama kafin a ƙara shimfiɗa ta biyu. Falle suna taruwa a gindin kwalba idan ta daɗe a ajiye, don haka dole a gauraya su, amma girgizawa da ƙarfi tana shigar da kumfa, sai dai a murza kwalbar tsakanin tafuka. Tsoma hannu cikin ruwan sanyi don fenti ya bushe da wuri yana taurara sama ne kawai, ƙasa na nan da danshi, domin fentin yana bushewa ne ta hanyar tashin sinadaran da suka narkar da shi zuwa iska. Idan kuwa ya yi kauri, zuba masa asiton yana ɓata haɗinsa ya dusar da hasken, abin da ya dace shi ne ɗigo biyu ko uku na ruwan tsinka fenti da aka yi musamman don jan farce, a murza kwalbar, a gwada a farce ɗaya kafin a ƙara.