Daga Lakca Zuwa Maƙabarta: Wane Kaya Za Ka Sa?

A zangon karatun da ya wuce, muna tsakiyar lakcar ƙarfe goma saƙo ya shigo zauren WhatsApp na ajinmu: mahaifin wani abokinmu ya rasu da asuba, jana'iza bayan sallar azahar a ƙofar gidansu da ke Gyadi-Gyadi. Mu kusan goma sha biyar muka tari adaidaita sahu muka tafi yadda muke. Ni rigar ƙwallo ce a jikina, ja wur, da sunan ɗan wasa ɓaro-ɓaro a baya. Wani cikinmu wandonsa yagagge ne a gwiwa, irin wanda ake saya a haka. Da aka tayar da sahu, wani dattijo ya dafa kafaɗar mai yagaggen wandon, ya ce a hankali, "Yaro, koma baya ka samu abin da za ka rufe gwiwar nan." Bai yi faɗa ba. Amma wallahi har muka dawo daga maƙabartar Tarauni babu wanda ya iya haɗa ido da wani.

Abin da ya sa na ga ya kamata mu yi wannan magana ke nan. A Kano mutuwa ba ta ba ka lokacin shiri. Wanda ya cika da safe a asibitin Malam Aminu Kano, sau da yawa kafin la'asar an kai shi makwancinsa, domin addini ya ce a gaggauta. Ɗalibi kuwa kullum a hanya labari yake samunsa.

Mu fara da kuskuren da fina-finai suka cusa mana: cewa kayan makoki baƙi ne. Wannan al'adar Turawa ce. Sarauniya Victoria ta Ingila ta sa baƙin kaya tun rasuwar mijinta a 1861 har ta mutu a 1901, abin ya ƙara kama ƙasa a can. A Indiya fari ake sawa, a Ghana kuma za ka ga baƙi da ja. Mu a nan Musulunci bai ware wa mai zuwa jana'iza wani launi ba. Fari, ruwan toka, ruwan ƙasa, shuɗi, duk daidai ne. Wanda aka zaɓa wa launi mutum ɗaya ne tak, shi ne mamacin, da farin likkafaninsa marar ado. In ka tuna da haka, sauran bayanin ba zai yi maka wuya ba.

Ga maza, abu na farko sallah za ka yi. Sallar jana'iza kabbara huɗu ce a tsaye, babu ruku'u babu sujada, amma sharuɗɗanta na sallah ne: alwala, tsarkin tufafi, da rufe al'aura daga cibiya zuwa gwiwa. Gajeren wando da yagagge sun fita ke nan. Riga mai hoton mawaƙi ko wani rubutun barkwanci a ƙirji ita ma ka bar ta, domin na bayanka a sahu ya zo yi wa mamaci addu'a ne, ba karatun bayanka ba. Kaftani ko jallabiya da hula sun wadatar. Ba ka da su a kusa? Riga mai hannu marar rubutu da dogon wando ba wanda zai ce maka uffan.

Sai dai akwai kuskure ta ɗaya ɓangaren, kuma shi ne na 'yan gayu. Za ka ga mutum ya ɗauko gezna mai maiƙo, an buge ta tana ɗaukar ido, ga agogo, ga takalmi sau-ciki, kamar ɗaurin aure za shi. Ba haramun ya yi ba. Matsalar ita ce wannan shigar tana hana ka aiki. A maƙabarta matasa ake nema: su ne masu karɓa-karɓar makara, masu miƙa itace ko tukwanen rufe kabari, masu ɗebo ruwa a kwaɓa ƙasa. Mai sabuwar shadda sai ka gan shi can gefe ƙarƙashin bishiya yana kaɗe ƙura, dattawa 'yan shekara sittin kuma suna ta fama da laka. In mahaifin abokinka ne ake binnewa, shi abokin ba zai tuna da kayanka ba, amma zai tuna wanda ya naɗe hannun riga ya kama. Don haka ka sa mai tsabta wanda ba za ka ji ciwon ɓacinsa ba. Takalmi kuma silifa ko sandal, mai sauƙin cirewa wajen alwala, wanda zai jure ƙaya da rani da caɓi da damina.

'Yan uwa mata, ku a al'adar garin nan ba ku zuwa maƙabarta, cikin gida ake zaman makoki, kuma nan ne ido ya fi yawa. Za ki shiga ɗaki cike da iyaye da gwaggonni, a kan tabarma za ki zauna, wataƙila awa guda ko fiye. Matsattsen siket ba zai bar ki ki zauna ba ma. Atamfa ko doguwar riga mai duhu-duhu da hijabi ko babban mayafi, shi ke nan. Jan baki, gashin ido, sarƙa da turare mai tashi, a ajiye su sai ranar biki. Dalilin ba wai tsoron surutun tsofaffi kaɗai ba ne. Matar mamacin da za ki gaisar ta shiga takaba: wata huɗu da kwana goma ba kwalli, ba lalle, ba turare, ba kayan ado, in kuma tana da ciki sai ta haihu. Ki duba yadda za ta ji ki durƙusa gabanta kina ƙamshi kamar amarya kina cewa "ya haƙuri". Sauran dangi kuwa kwana uku shari'a ta ba su na nuna alhini, shi ya sa zaman makoki ya fi cika a waɗannan kwanakin.

Wani abu da ya fara shigowa, wanda ni dai ban ga kyansa ba, shi ne buga riga da hoton mamaci, musamman in ɗalibi ne ya rasu. Niyyar mai kyau ce, na sani. Amma kuɗin bugun rigar da an haɗa an kai wa iyayensa, ko an sauke masa wani bashi, da ya fi amfanarsa.

Makarantarmu kuma ba Musulmi kaɗai ba ne. In abokin karatunka Kirista ya yi rashi aka gayyace ku Sabon Gari, tsarin daban ne: akan ɗau kwanaki ko makonni kafin a binne, kuma iyali sukan faɗi launin da suke so, wani lokaci har da anko. Ka tambaye shi kai tsaye, ba abin kunya ba ne. In ba a faɗa ba, baƙi ko wani launi mai duhu ya yi. Haka ku ma 'yan uwa Kiristoci, in za ku gaisuwa gidan Musulmi ba sai kun nemo baƙi ba. Namiji ya sa dogon wando, mace ta rufe kai da kafaɗa, a cire takalmi kafin a hau tabarma. Gaisuwar ma gajera ce: "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Ba a son dogon bayani, ba a kuma tambayar me ya kashe shi.

Waya ma tana cikin shiga. A kashe mata ƙara tun daga bakin layi, a cire abin kunne, kuma don Allah a daina ɗaukar hoto a bakin kabari ana ɗorawa a status.

Ni tun ranar nan ta Gyadi-Gyadi na sayi jallabiya mai sauƙin kuɗi, ruwan toka, na naɗe ta da hula a ƙasan jakar littattafaina. Ba ta da nauyi, kuma a kan kowace riga take hawa. Sau uku aka fito da ita daga lokacin zuwa yau, biyu ni na sa, ɗaya kuma mai yagaggen wandon nan ne ya ara.