Koyon Kiɗa ta Intanet: Abin da Waya Ke Iya Koyarwa da Abin da Ya Gagare Ta

A shekarar 2002 kwalejin kiɗa ta Berklee da ke birnin Boston a Amurka ta buɗe reshenta na intanet, inda ɗalibi zai yi kwas na mako 12 daga ɗakinsa, ya kalli darasi, ya yi aikin da aka ba shi, malami ya duba ya mayar masa da gyara. A lokacin mutane da yawa sun ɗauki abin wasan yara, domin kiɗa sana'ar hannu ce, kuma an saba ganin almajiri a gaban gwani. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, sai masu gardamar ma suka bi sahu. Hukumar ABRSM ta Ingila, wadda aka kafa a 1889 don shirya jarrabawar kiɗa, ta mayar da jarrabawar ƙa'idojin kiɗa ta mataki na 1 zuwa na 5 kan kwamfuta, ta kuma fito da wata jarrabawar da ɗalibi zai ɗauki bidiyon kansa yana kaɗa waƙoƙi huɗu a jere ba tare da yankewa ba, ya aika a ba shi maki. Yanzu dai an wuce gardamar ko ana iya koyon kiɗa ta intanet. Abin da ya rage a tantance shi ne wane ɓangare na kiɗan ake iya koya a can, kuma ni a ganina amsar ta rabu uku: ƙa'ida tana shiga kai ta waya fiye ma da yadda take shiga a aji, hannu yana samuwa rabi da rabi, amma kiɗa tare da jama'a ba ya samuwa ko kaɗan.

Sai mu fara da ƙa'idar, tunda sunanta kaɗai kan tsorata mutane. Ba wani sihiri ba ne, lissafin sauti ne da tsarin rubuta shi. Kowane sauti girgizar iska ce, kuma yawan girgizar a daƙiƙa ɗaya shi ke sa ya zama siriri ko kakkaura. Sautin da makaɗan Turai suka amince su daidaita kayansu a kai yana girgiza sau 440 a daƙiƙa. Idan aka ninka ya zama 880, kunne zai ji kamar sautin farko ne ya dawo da muryar yaro. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita suka raba gida 12 daidai wa daida, shi ya sa duk wanda ya dubi fiyano zai ga farare 7 da baƙaƙe 5 suna ta maimaita kansu, ko a babba mai maɓalli 88, ko a ƙaramin nan mai 61 da ya cika situdiyo-situdiyon Kano da Kaduna. Daga cikin 12 ɗin ake zaɓar bakwai a yi tsani, wato do, re, mi ɗin da mawaƙan coci a Nijeriya suka haddace. Ana rubuta su a kan layuka biyar, tsarin da aka gina a kan aikin wani malamin coci ɗan Italiya, Guido na Arezzo, kusan shekara dubu da suka wuce. Surar kowace alama tana faɗin tsawon lokacin da za a riƙe sauti, matsayinta a kan layi kuma yana faɗin wane sauti ne. Sauran karatun duk rassan wannan ne: wane sauti ke jituwa da wane idan an buga su tare, yadda ake ɗaga waƙa ko a sauke ta don ta dace da muryar mawaƙi, yadda ake ƙirga bugu a raba shi.

Irin wannan ilimi kamar don kwamfuta aka yi shi. Yawancin tambayoyinsa amsarsu ɗaya ce, ko daidai ko kuskure, don haka manhaja tana iya yi wa ɗalibi gyara nan take ba sai ya jira mako ya zagayo ba. Horon kunne ma, wato a buga maka sautuka biyu ka faɗi tazararsu, yana buƙatar maimaici ɗaruruwa wanda babu malamin da ke da haƙurinsa, amma waya ba ta gajiya, ba ta kuma tsaki. Wanda bai gane ba zai mayar da bidiyo baya sau goma babu mai yi masa dariya. Jami'ar Edinburgh ta Sikotilan tana da kwas na share fagen ƙa'idojin kiɗa a dandalin Coursera wanda ake gamawa cikin 'yan makonni, kuma ba a tambayar ɗalibi ɗan gidan wane ne. Wannan batu na ƙarshe ba ƙarami ba ne a wurinmu. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma an daɗe ana yi wa makaɗi kallon maroƙi, ana jin daɗin kiɗansa amma ba a son ɗa ya bi shi. Saurayin da ba ɗan gidan kiɗa ba, ko yarinyar da ba za a bar ta zaman situdiyo ba, da can ba su da ƙofar shiga sai ta tawaye. Yanzu ƙofar tana cikin aljihu.

Mai gardama zai ce, to Mamman Shata a wace makaranta ya koyi layuka biyar? Ɗanmaraya Jos da ya riƙe kuntigi mai tsarkiya ɗaya ya zaga duniya da shi, wa ya koya masa do, re, mi? Tambayar tana da nauyi, amma ta ɗauka cewa wanda bai rubuta ƙa'ida ba ba shi da ita, kuma nan ne kuskuren. Waɗannan mutane sun san inda amshi zai shigo, sun san lokacin da kalangu zai ja baya ya ba murya fili, sun san wane kari ya dace da sarki wane ya dace da manomi. Sun dai samo sanin ne ta hanya mai tsawo. Musa Ɗanƙwairo a gidan kiɗa ya buɗe ido, ya daɗe yana bin na gaba da shi kafin ya ja nasa ayarin, kuma shekarun da ɗan amshi ke yi a bayan ubangidansa su ne makarantarsa ta ƙa'ida. Matsalar ita ce matashin yau da ke zaune gaban fiyano da kwamfuta bai yi wannan bautar ba, kuma ba zai yi ta ba. Idan bai sami ƙa'ida ta gado ba, bai kuma same ta ta karatu ba, me ya rage masa? Sai laluben maɓalli har ya dace da wani haɗi, ya riƙe shi ya yi ta juya shi a waƙa bayan waƙa. Mawaƙiya ta zo muryarta ba ta kai inda kiɗan yake ba, maimakon ya sauke kiɗan sai ya bar wa kwamfuta ta ja muryar da ƙarfin tsiya. Misalin Shata hujja ce a kan cewa rubutu ba dole ba ne, amma ba hujja ba ce ga zama babu sani.

Batun hannu kuwa ya fi wuyar yanke hukunci. Bidiyo yana nuna inda yatsa zai sauka a kan jita fiye da yadda ɗalibin da ke bayan aji zai gani, domin ana iya matso da hoton a kuma rage masa gudu. Abin da ba ya yi shi ne ganin ɗalibin. Mai koyo ba ya jin kuskurensa, don da yana ji da bai yi shi ba. Yana iya ɗaure kafaɗa, ko ya lanƙwasa wuyan hannu, ko ya riƙa sauri duk lokacin da ya iso wurin da ya iya, ya yi wata shida a haka har jiki ya haddace, kuma warware abin da jiki ya haddace ya fi koyon sabo wahala. Malamin da ke zaune kusa zai kama hannun ya gyara a ranar farko. A nan ne bambancin makaranta da kallon YouTube yake, kuma shi ne amsar mai cewa don me zan biya kuɗi alhali darussa sun cika intanet kyauta. Abin da ake biya ba bayanin ba ne, bayani ya yi arha. Ana biyan jerin darasi da wani ya tsara daga sauƙi zuwa wuya, da wa'adin da ke hana lalaci, da kuma mutum mai kunne da zai kalli bidiyon da ka aika ya ce maka yatsanka na huɗu ba ya aiki. Duk kwas ɗin koyon kayan kiɗa da babu wanda zai saurari ɗalibi a cikinsa, littafi ne mai motsi, kuma bai kamata a saye shi da kuɗin makaranta ba. Ko da akwai mai sauraren, rabin aiki ne: makirufon waya yana matse sauti, yana ɓoye kaushin da gogaggen kunne zai kama a ɗaki, kuma kayan busa irin su algaita, da ake shaƙar iska ta hanci ana fitarwa ta baki a lokaci guda don kada sautin ya yanke, sun dogara ne da abin da ke faruwa cikin kumatu da ƙirji, inda kyamara ba ta kai wa.

Na ukun, wato kiɗa tare da jama'a, ba laifin malami ba ne ko na manhaja, dokar halitta ce. Makaɗa biyu suna iya tafiya tare ne idan jinkirin da ke tsakanin bugun ɗaya da jin ɗayan bai wuce kamar kashi 25 zuwa 30 cikin dubu na daƙiƙa ba, wato kusan lokacin da sauti ke ɗauka ya ratsa mita goma a iska. Saƙo a cikin wayar gilashi ta intanet yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, tsakanin Kano da Boston kuwa ya haura kilomita 8,000. Ke nan ko da an shimfiɗa waya miƙaƙƙiya babu tasha ko ɗaya, jinkirin ya kai kashi 40, ya riga ya tsallake iyaka, balle a ƙara da zagayen da saƙon ke yi ta teku da cunkoson layi. Shi ya sa a darasin kai tsaye malami kan kaɗa ya tsaya, ɗalibi ya kaɗa, ba sa haɗuwa. Ga mai koyon fiyano shi kaɗai wannan naƙasu ne da za a iya jurewa. Ga kiɗan da ginshiƙinsa shi ne jagora da 'yan amshi, manyan kalangai da ƙanana suna saƙa bugu cikin bugu, ko matan amada a kan ƙwarya kowace tana cike gurbin da 'yar'uwarta ta bari, an cire zuciyar abin ke nan.

Akwai wata gardamar da ta fi duk waɗannan ƙarfi, kuma ba zan ce na rushe ta gaba ɗaya ba. Ƙa'idar da ake koyarwa a waɗannan kwasa-kwasai ta Turai ce, an gina ta a kan kiɗansu, kuma tana iya sa ɗalibi ya riƙa jin duk abin da bai shiga gidaje 12 ba kamar kuskure ne. Goge da kukuma ba su da matakai a wuyansu, yatsa yana zamewa ya tsaya tsakanin maɓalli biyu na fiyano inda babu suna. Kalangu kuwa ana matse tsarkiyarsa a hammata sautin ya hau ya sauka yana bin hawa da saukar maganar Hausa, har mai saurare ya gane taken wane ake yi. Layuka biyar ba su da wurin rubuta wannan magana. Haɗarin gaskiya ne, kuma ana jin alamarsa duk lokacin da aka kwaikwayi kalangu da fiyano ya fito a sandare. Sai dai maganin ba gudun karatu ba ne, sanin iyakarsa ne. Yawancin karin waƙoƙinmu na gargajiya a kan tsani mai sauti biyar suke tafiya, kuma wanda ya karanci ƙa'ida shi zai gane haka, ya daina cusa musu haɗin da ke danne su. Turawa ma ba su kaɗai suka yi wa sauti lissafi ba. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya rubuta babban littafi a kan kiɗa yana auna tazarar sautuka a wuyan garayar Larabawa, kuma kiɗan Larabawa har yau yana amfani da sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano. Ɗalibin da ya san cewa ƙa'ida iri-iri ce zai ɗauki ta Turai a matsayin ma'auni ɗaya daga cikin ma'aunai.

Kuɗi da wuta da data, waɗannan kowa ya san su. Kwas mai malami da takardar shaida da dala ake biya, kuma bidiyo yana cin data. Amma ɓangaren ƙa'ida, wanda shi ne intanet ta fi iyawa, shi ne kuma mafi arha, ana iya sauke darasi a kalla ba tare da layi ba. Mai neman shaida a cikin gida yana da ƙungiyar MUSON a Legas, wadda aka kafa a 1983 kuma take shirya jarrabawar kiɗa mataki-mataki.

Babban giɓin yana wani wuri dabam. Manyan makarantun intanet sun tsara karatunsu ne don fiyano da jita da gangunan bature, ba don gurmi ko kotso ko garaya ba, kuma ba aikinsu ba ne su yi mana. Lokacin da Malam Mamman Barka na Nijar, gwanin gurmi, ya so ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsarkiya biyar, sai da ya tafi yankin Tafkin Chadi a farkon shekarun 2000 ya zauna wurin Bukar Tar, dattijon da ake ganin shi ne gwanin ƙarshe. Ya dace ya riske shi da rai. Barka kansa ya rasu a 2018. Kyamarar waya ba za ta maye gurbin irin wannan zama ba, amma tana iya adana yadda gwani ke ɗaure tsarkiya, da yadda yake riƙe gora, da bayaninsa da bakinsa a kan dalilin da ya sa wannan kari ya bambanta da wancan, a jera su darasi bayan darasi cikin Hausa. Sassan nazarin harsuna da al'adu na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, da cibiyar koyar da kiɗa ta Taya da ke Yamai, suna da masana da ɗalibai da za su iya wannan aiki. Su tashi su je wurin makaɗan da suka rage tun hannuwansu ba su fara rawa ba.