Gaibu: Daga Ina Kalmar Ta Fito?

Yau hirar tamu a kan kalma ɗaya ce tak, wadda kullum tana bakinmu. Kin sha jin an ce, wa ya san gaibu in ba Allah ba? To, mene ne gaibun?

Kalmar daga Larabci muka aro ta, kuma tushenta yana nufin fakuwa, wato abu ya ɓuya ga ido. Harafinta na farko daga maƙogwaro Balarabe yake fito da shi. Bahaushe ba shi da irinsa, sai ya mai da shi "g", kamar yadda ya yi a gafara da magariba. Ya kuma ƙara mata "u" a ƙarshe, irin na aibu. Daga tushen nan aka samu sallar ga'ib, da ake yi wa mamacin da gawarsa ba ta wurin. Haka ma giba, wato cin naman 'yar uwarki a bayan idonta.

Malamai sun kasa gaibu gida biyu. Akwai abin da ya faku gare ki, amma wani ya sani. Kina cikin gida, ba ki san kuɗin tumatir a kasuwa ba sai yaro ya dawo aike. Hoton ciki da ake yi a asibiti ma nan yake: na'ura tana iya nuna mace ce ko namiji, amma ba ta nuna kwanansa ko arzikinsa. Sannan akwai wanda Allah kaɗai Ya sani, kamar ranar tashin alƙiyama, da abin da za ki samu gobe, da ƙasar da za ki cika. Ki sa a karanta miki aya ta 34 a Suratu Luƙman da ta 59 a Suratul An'am.

Abin da ya sa na kawo wannan, 'yar uwa, shi ne masu duba. Boka ya faɗa miki sunan kishiyarki, jikinki ya yi sanyi, ki sayar da kwanukan jerenki ki kai masa. Alhali sau da yawa wadda ta raka ki ita ta riga ta kai masa labarin gidanki. Wannan ai ba sanin gaibu ba ne, tsegumi ne. Ki riƙe kuɗinki, ki riƙe addu'a.

Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa. A gaida maigida da yara.