Furen Yini Ɗaya Da Ya Mamaye Lambunan Amurka

Akwai wani tsiro da Turawa ke kira daylily, asalinsa ƙasashen Sin da Japan da Koriya. Kowane furensa yini ɗaya tak yake yi: ya buɗe da safe, kafin wayewar gari ya yanƙwane.

A shekarar 1975 wani mai haɗa irin furanni a jihar Indiana ta Amurka, Walter Jablonski, ya fito da irin da ya raɗa wa suna Stella de Oro. Gajere ne, tsawonsa kamar ƙafa ɗaya, furensa rawaya kamar zinariya. Abin da ya ɗauki hankalin masu lambu kuwa, yana ta maimaita fure tun shigowar zafi har sanyi ya kawo jiki. A 1985 ya ci lambar Stout, watau mafi daraja a wannan fanni.

Amma fa maimaicin nan sai da wahala. In ba a tsinke ƙwanson irinsa ba, can zai mai da ƙarfinsa, fure ya ragu. Bayan shekara 3 ko 4 gindin kan cunkushe, tilas a tone a rarraba. Barewa tana cinsa. Kyanwa kuwa in ta ci, ƙodarta na iya lalacewa. Wasu masu lambun ma sun ƙosa da shi, don ya cika bakin titi da harabar kantuna.