Rufe Magudanan Gilashi a Ƙaramin Allon Gwaji

Ƙaramin allon da masana ke ɗiga jini ko sinadari a cikinsa don gwaji faifan gilashi ne guda biyu. A kan na ƙasa ake sassaƙa magudanai da asid mai cin gilashi, faɗinsu bai wuce kaurin silin gashi ba. Na sama kuwa murfi ne. Andreas Manz da abokan aikinsa ne suka yaɗa tunanin tattara aikin ɗakin gwaji a kan irin wannan allo a 1990. Sassaƙar tana da wuya, amma rufewar ce ke kayar da gwani, kuma a ganina tsabtar fuskar gilashin ta fi zafin wuta tasiri wajen kamawa.

Hanyar da ta fi ƙarko ita ce a wanke faifan biyu da asid mai ƙarfi, a haɗa fuskokinsu, a sa a tanda mai zafin digiri 550 zuwa 650 na tsawon sa'o'i. Gilashin yakan ɗan yi laushi, fuskokin su kama juna har a kasa gane mahaɗarsu. Sai dai ƙwayar ƙura guda ta isa ta ɓata aikin: wurin ba zai kama ba, sai ka ga zobba masu launin bakan gizo sun kewaye ta, ruwa kuma ya riƙa tsiyaya daga wannan magudana zuwa waccan. Idan da silikon za a haɗa gilashin, akwai dabarar da Wallis da Pomerantz suka wallafa a 1969: zafi wajen digiri 400 da lantarki mai ƙarfin ɗaruruwan bolt, wanda ke janye sodiyam daga fuskar gilashin har ta manne. Ita ma ba ta jure datti.

Wani zai ce, me ya hana a shafa gam a huta? Maganarsa da ƙamshin gaskiya, domin zafin tanda yana lalata siraran wayoyin da aka shimfiɗa a ciki, yana ƙone sinadaran halitta, in ya wuce kima ma magudanar ruftawa take yi. Don haka gam ɗin da haske ke busarwa yana da ranarsa. Amma gam yakan malala ya toshe hanya, wasu sinadaran gwaji suna narkar da shi, sannan ruwan da ake aunawa yana taɓa shi. Ga shi kuwa tun farko an zaɓi gilashi ne saboda haske na ratsa shi kuma ba ya gurɓata abin da aka zuba masa.